Hasken Ƙarfe Goma

"Goge shi," in ji Mai Hoto.

Wayata ce a hannunsa. Ya nesanta ta da fuskarsa, ya kanne ido ɗaya, kamar yadda yake yi wa kowane hoto tun da na san shi. Hannun yana rawa, amma idon nan ciwo bai taɓa shi ba.

"Haba, Yaya, ai ya yi kyau."

"Ya yi kyau a idon kafinta. Matso ka gani. Ka bar taga a bayana, rabin fuskata ya shige duhu. Ka yanke min saman kai. Ga kwalbar magani ta fito ɓaro-ɓaro, sai ka ce ita aka zo ɗauka. Shekara ashirin da shida kana maƙwabtaka da ni, ashe ko ƙamshin aikin bai shige ka ba."

Ranar Alhamis ce da la'asar, kwanansa tara da dawowa daga asibiti. Likita bai ɓoye mana ba: ya ce a kai shi gida, a ba shi abin da ransa yake so. 'Yarsa, wadda duk layinmu ke kira 'Yar Baba, tana can nesa inda aure ya kai ta, da ciki wata takwas, an hana ta ko doguwar tafiya a mota. Ita ce ta kira ni da safe tana kuka. "Baba Kafinta, don Allah ka ɗauko min hotonsa ka turo. Ba ni da ko ɗaya. In na haihu, me zan nuna wa yaron?" Shi ya sa na faki idonsa yana dariyar wani labari da nake ba shi, na ɗaga waya na danna. Ƙarar ce ta tona ni.

"Ita ta roƙe ni," na ce.

"Na sani. Shi ya sa na ce ka goge."

Sai na goge.

"Shiga can inda suke ɓuya," ya ce. "Ka ɗauka ban sani ba? Wayoyin nan suna da kwandon shara. Goge shi a can ma."

Na shiga, na goge, yana kallon yatsana.

Duk wanda na ba wannan labari sai ya tambaye ni: kai yaro ne? Me ya hana ka ɓoye? Amsar ita ce sabo, kuma sabo turken wawa. Shagonsa na jikin nawa, bango ɗaya ya raba mu a ƙasan gidan hayar da muke zaune. Shi yana kwana a ɗakin da ke bayan shagonsa, ni da iyalina muna sama. Shi ke wanke hoto, ni ke yi masa firam, in yanka gilashi, in buga maratayi. Dokarsa ɗaya ce tun ranar farko: hoton da bai yi ba, ba ya fita daga shagon. Na sha ganinsa ya yaga hoton amarya gida huɗu don inuwar hanci ta karkace, mai hoton tana tsaye tana rantsuwa ita ya yi mata. Ni ma in kusurwar firam ta buɗe ko da faɗin gashi ne, zai miƙo min ba tare da magana ba, in koma in kwance. Har na kai ba na jira ya miƙo. In ya ce abu bai yi ba, hannuna kan riga kaina yarda.

Shi kuwa ba ya tsayawa a ɗauke shi. Wanzami ba ya son jarfa, haka nake tsokanarsa. Bikin 'yarsa yana bayan kyamara daga farko har ƙarshe. In yaran unguwa suka ɗaga masa waya sai ya sa tafin hannu ya rufe fuska, ya ce, "Ku da kuka kashe min kasuwa, ba za ku haɗa da fuskata ba." Gaskiya ne sun kashe ta. Shekarun baya-bayan nan ba mai zuwa ɗaukar hoton biki ko na suna. Abin da ya rage masa shi ne matattu. Mutum zai shigo da ɗan ƙaramin hoto da ya ciro daga tsohon kati ko ƙasan akwati, duk ya kakkarye, ya ce babana ne, ya rasu makon jiya, a faɗaɗa min. Mai Hoto zai zauna kwana biyu a kai da siririn burushi, yana cike karaya, yana mayar da idon da ruwa ya cinye. Ni in sa a firam. Rabin bangayen unguwarmu aikinmu ne a rataye.

Da na gama gogewa ya mayar da kai kan matashi, ya lumshe ido har na zaci barci ya ɗauke shi. Sai ya ce, "Kafinta, kana jin haushina."

"Ina ji."

"To saurara. Hoton da aka rataye a bango shi ke cinye sauran. 'Ya'ya suna tuna fuska goma, jikoki ɗaya tak suka sani, wadda ke cikin firam. Sarakunan da can da ake sassaƙa su a dutse, ka taɓa jin wanda aka sassaƙa yana tari? Su ma ai sun yi tari kafin su mutu. Jikana ba zai tashi ya ce kakansa wani ƙashi ne a kan gado kusa da kwalbar magani ba."

"To ya za a yi? A bar ta hannu wofi?"

"Wa ya ce? Za a ɗauka. Amma yadda ake ɗauka." Ya ɗaga yatsa. "Lahadi, ƙarfe goma na safe."

Ya yi min bayani. Fitilun shagon sun daɗe da ƙonewa, kuma ko suna nan ba zai yarda da su ba, don fitila tana tona ramin kumatu. Amma akwai ƙaramar taga a gefen shagon, wadda rana ke shigowa ta cikinta da hantsi, ta bugi farin bango, ta dawo kan fuska a tausashe. Sauran ranaku motocin kaya na babban kantin da ke kallonmu suna fakawa su toshe ta. Lahadi ce kaɗai ba sa zuwa.

"Kwana uku fa, Yaya."

"Kana da labarin wani abu ne da ban sani ba?"

Ya yi 'yar dariya, ya ce in miƙo masa ruwa.

Da yamma 'Yar Baba ta kira. Na ce mata ta yi haƙuri zuwa Lahadi, babanta ya ce da babbar kyamara za a ɗauka, ya yi aski, ya sa riga. Sai na ji ta yi dariya cikin hawaye. "Baba ke nan. To shi ke nan, Allah ya kai mu." Ban gaya mata na ɗauki wani na goge ba.

Matata ce ba ta yi dariya ba. Tana yankan albasa ta ajiye wuƙar. "Baban yara, ka dubi idon mutumin nan kuwa? Ka dubi ƙafafunsa yadda suka kumbura? Kai da shi duk ba ku da hankali. Gobe ta Allah ce."

"Ke ba ki san aikin ba."

"Ban san aikin ba, amma na yi jinyar uwata."

Duk da haka ita ce ta karɓi farar rigarsa ranar Juma'a ta rage mata faɗi. Sau biyu tana ragewa. Da ta auna a jikinsa karo na farko ta ga har yanzu rigar tana lilo, sai ta ce wai ta manta zare a sama, ta fita. Na same ta a kan matakala ta toshe baki da rigar. Ni kuma na ɗauko tsohuwar kujerar shagon, wadda amare da ɗalibai da sabbin ma'aikata suka zauna a kai shekara da shekaru, na ɗaure mata ƙafar da ke motsi, na ƙara mata katako a baya yadda zai jingina ba tare da an gani a hoto ba. Wannan dabarar tawa ce, kuma ya yaba. "Ashe kan nan ba ƙusa kaɗai ke ciki ba," ya ce.

Asabar na tafi can ƙarshen gari wurin mutum ɗaya da ya rage yana sayar da fim na tsohuwar kyamara. Na dawo na tarar mai aski ya zo ya tafi. Fuskar ta yi fes, ta ƙara ƙanƙancewa. Rabona da in gan shi da kuzari irin na ranar tun kafin asibiti. Ya sa na tallabo shi zuwa shago, ya zauna, ya riƙa ba da umarni. Kafa ƙafafun kyamara a nan. A'a, ja baya taku ɗaya. Ya sa na yi alama da alli a ƙasa, uku na kyamara, huɗu na kujera. Shi da kansa ya zura fim ɗin, yatsunsa suna kuskurewa, ya hana ni taimaka masa. Ya saita komai, ya nuna min maɓallin.

"Aikinka ɗaya ne. Za ka ga hasken ya sauko daga bango, ya bi ƙasa, ya hau ƙafar kujera. Kada ka taɓa komai. Sai ya iso kafaɗata zan ce maka yanzu. Ka riƙe numfashi, ka danna a hankali. Ba guduma ba ce."

"In na danna kafin nan fa?"

"In ka danna kafin nan na zare fim ɗin na shanya shi a rana."

Har shayi ya sha ranar, rabin kofi, da ɗan burodi. Na hau sama ina ce wa matata, kin gani ko, jiki ya yi sauƙi. Ta dube ni kawai, ta ci gaba da gugar rigar.

Lahadi na sauko ƙarfe tara saura. Layin shiru, ba motar kaya ko ɗaya, sama tas babu gajimare. Na same shi a farke, ya riga ya wanke fuska da ruwan da ke gefen gado. Numfashinsa ne ban so ba, gajere-gajere, yana tsayawa a tsakiya kamar mai hawan bene. Na sa masa rigar, na ɓalla maɓallai har wuya. Ya nemi mataji. Da na zo ɗaga shi sai na ji babu nauyi ko kaɗan, ni da na saba ɗaukar katako. Na ajiye shi a kujerar, na gyara ta a kan alamun alli.

"Ƙarfe nawa?"

"Tara da kwata."

"Mun yi sammako. Ba laifi. Gara mu jira shi da ya jira mu."

Na koma bayan kyamara na leƙa. Ga shi nan a tsakiya, tsaf, kafaɗu a miƙe, hannu ɗaya a kan ɗaya. Wallahi ko a haka ya yi kyau. Ɗakin da ɗan duhu, amma ana ganin komai: farin gashin, goshin nan mai layi uku, idon.

"Yaya, in ɗauki ɗaya mana na gwaji. Fim ɗin da yawa."

"Tukuna."

"Ɗaya kawai."

"Kafinta. Tukuna."

Na sauke hannu.

Hasken ya bayyana a saman bango, ɗan tsiri, ya fara saukowa. Ban taɓa sanin rana tana da nawa haka ba. Muka yi ta hira don cinye lokaci, ko in ce ni na yi ta surutu, shi yana sa baki jefi-jefi. Ya ce in an wanke hoton kada in yi masa firam mai ado, katako baƙi siriri ya isa. Ya ce in naɗe shi da kwali biyu kafin in aika, don masu ɗaukar kaya ba su da tausayin gilashi. Ya tambaye ni ko ina ganin namiji za ta haifa ko mace. Na ce mace. Ya ce, "Allah ya sa. Mata sun fi riƙe hoto."

Goma saura kwata hasken ya taɓa ƙasa. Goma saura minti goma ya kama ƙafar kujera. Yatsana na kan maɓallin. Ina jin sanyin ƙarfen har yau. Babu abin da ya hana ni dannawa, babu. Da na danna, iyaka ya zage ni, kuma ƙarfin zare fim ɗin ma ba shi da shi. Na san haka a lokacin, ba daga baya na gane ba. Amma ya ce tukuna, ni kuma shekara ashirin da shida ina jin maganarsa a kan hoto.

"Ya kusa," ya ce, yana kallon gwiwarsa inda hasken ya hau. "Ka shirya?"

"Na shirya."

"Kada ka girgiza min kyamara."

Na sa ido a ramin leƙawa, na riƙe numfashi kamar yadda ya koya min. Ta cikin gilashin na ga hasken ya hau hannayensa, ya hau maɓallan rigar ɗaya bayan ɗaya. Ina jiran kalma ɗaya. Sai na ga haɓarsa ta sauko a hankali ta kwanta a ƙirji, hannun da ke sama ya zame ya faɗi gefe.

"Yaya?"

Na ɗago kai.

"Yaya, ga shi ya iso. Ka ce yanzu."

Katakon da na ƙara wa kujerar ya riƙe shi, bai faɗi ba. Hasken ya iso kafaɗa, ya buga bango ya dawo kan fuskar, a tausashe, daidai yadda ya faɗa. Bai yi kuskure ko na minti ɗaya ba. Na tsaya da yatsa a kan maɓallin, kuma ba zan ɓoye ba, zuciyata ta ce min danna, ba wanda zai sani. Na kasa. Na zagaya na durƙusa a gabansa, na riƙe hannun da ya faɗi, na yi ta kiran matata da wata murya da ban san ina da ita ba.

Ni na kira 'Yar Baba na gaya mata. Ba ta tambayi hoto ba ranar, ni ma ban ɗauko maganar ba. Bayan kwana goma sha tara ta haihu, mace.

Sai da jaririyar ta yi wata biyu sannan ta iya zuwa. Na buɗe mata shagon da mabuɗin da ke hannuna. Ban taɓa komai ba, sai kyamarar da na lulluɓe da zane. Kwana biyu muka yi da ita da matata muna zazzage kwalaye. Hotuna dubbai. Ga ta ranar da aka haife ta, ga ta da haƙori biyu, ga ta da kayan makaranta, ga ta amarya. Ga marigayiya mahaifiyarta a kowace irin shiga. Ga mutanen unguwa, rayayyu da matattu, har da ni ina da gashi. Nasa kuwa ɗaya muka samu, a jikin wani tsohon katin shaida, ƙarami kamar farcen babban yatsa, ya koɗe, hatimi ya bi ta kan ido da hanci. Irin wanda shi kaɗai ne a garin zai iya gyarawa.

Ta daɗe tana kallon katin. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Baba Kafinta, ka ce min Lahadi."

Matata ta karɓi jaririyar za ta fita da ita, 'Yar Baba ta ce a bar ta. Na zauna a kan wani kwali na faɗa mata duka. Na faɗa mata na Alhamis, da yadda na goge shi sau biyu da hannuna. Na faɗa mata minti arba'in da biyar da na yi a tsaye, yana zaune a gabana cikin farar riga, yatsana a kan maɓalli. Ban ce shi ya hana ni ba. Ta san babanta, ba sai na faɗa ba, kuma ba na son in jingina laifina a jikin wanda ba ya nan.

"Yatsa ɗaya fa," ta ce. "Yatsa ɗaya kawai za ka motsa."

"Haka ne."

"Na roƙe ka. Kai kaɗai na roƙa."

"Haka ne, 'yata."

Ta yi kuka sosai, ni ma na yi. Na fi son da ta zage ni, amma tarbiyyarta ba ta bar ta ba. Jaririyar ta farka ta kama nata, uwar ta sa ta a kafaɗa tana jijjigawa har ta yi shiru. Can ta share fuska da gefen mayafi.

"Wanda ka goge ɗin. Ka kalle shi kafin ka goge?"

"Na kalla. Ba da daɗewa ba."

"Yaya yake a ciki?"

Ni mutum ne da zan iya gaya maka faɗin kowace ƙofa da na yi shekara goma baya. Amma fuskar da na gani kullum, wata uku kacal, har ta fara yi min gardama. Tsoro ya kama ni. Na runtse ido na nemo ɗakin, da tagar, da gadon.

"Dariya yake yi," na ce. "Kansa ya ɗan karkata hagu. Idon dama ya kusa rufewa, kin san yadda yake yi. Wushiryarsa ta fito. Ya ɗaga hannu ɗaya kamar zai ce in bari haka nan, cikinsa na ciwo."

"Ya rame sosai?"

"Ya rame. Amma a dariyar ba a gani."

Ta sauko da jaririyar daga kafaɗa, ta kwantar da ita a cinya, ta juyo da 'yar fuskar wajena. Ita kuma ta jingina kai da bango ta rufe ido.

"Sake faɗa," ta ce. "A hankali. Fara daga goshi."

Na jawo kwalin da nake zaune a kai na matso kusa da su. A waje wata motar kaya tana ja da baya tana neman wurin fakawa. Na jira ta kashe inji, sannan na fara.